Gadon Inna

Agege, Ikko
Bayan Babbar Sallah, 2006

Zuwa ga amaryata Haulatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga tsohon angonki da ba ki taɓa dafa wa ko ruwan zafi ba. Ni ne Sha'aban, ɗan'uwan marigayi kakanki Usman. Ubanninmu ciki ɗaya suka fito, gida ɗaya muka tashi da shi. Rabona da ke tun kina goye a baya. Ina fatan kina lafiya, ke da mutumin da ya ƙwace mini ke da 'ya'yanku.

Jikina da sauƙi, alhamdu lillahi. Kunne dai ya toshe, wayar da yara suka saya mini sai in ga tana haske kawai, shi ya sa na koma takarda. Idon hagu ya riga ya yi sallama, na dama kuma yana ɗaure kaya. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce in kalli abin da nake son kallo tun da sauran haske.

Jafaru direban motar shanu, wanda zai miƙa miki wannan saƙo, shi ya shaida mini babanki Maliki zai rushe gidanmu na cikin gari ya sa bulo kafin damina. Ban ga laifinsa ba, wanda ke kwana a ƙarƙashin azara shi ya san inda take ɗiga. Amma abin ya tsaya mini a rai. Shekara arba'in na yi ina ɗaukar wa masu zanen gine-gine hoton benayen Ikko, ban taɓa ɗaukar gidan da aka yanke mini cibiya ba. Na zaci gidan ƙasa ba ya zuwa ko'ina. Yanzu ga shi zai riga ni tafiya, ni kuma ƙafata ba za ta kai ni Daura ba.

A cikin kwalin goron nan za ki tarar da kyamarata. Ta girme ki nesa ba kusa ba, ki ba ta girmanta. Ido biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya. Na sama shi ke gani, na ƙasa shi ke ɗauka. Daga nesa bakinsu ɗaya, amma in kin matsa kusa da abu sai su saɓa, kamar mata da miji. Ba a kai ta fuska. Ki rataya ta a wuya ta sauka a cibiya, ki buɗe murfin sama, ki sunkuya ki leƙa cikin gilashin. Ki murɗa maɓallin gefe har hoton ya fito tas. Na ɗiga miki jan fenti a lambar rana, fari a lambar inuwa. Inda duhu ya yi yawa ki kife turmi ki ɗora ta, ki danna ki riƙe, ki karanta Ƙulhuwallahu a nitse, sannan ki saki.

Ki tsayar da ita daidai, in kin ɗaga mata kai bango zai fito kamar zai faɗi. Kada ki ɗauki gini da tsakar rana, ki bari sai hantsi ko la'asar, lokacin da rana ke shafar bango daga gefe, zanen magina ya fito da inuwarsa.

Fim biyu na sa miki, kowane hoto goma sha biyu ne. Su ke nan suka rage mini, a firij suke kwana tare da maganin idona, kuma nan Ikko ma an daina kawo irinsu. Ina son zaure ciki da waje, da zankwaye, da bakan gizon rufin shigifa, da indararo, da tsakar gida.

Za ki ce me ya sa ke. Namiji ba zai wuce shigifa ba, kin san halin Maliki. Kuma an ce mini ke malamar makaranta ce mai taurin kai irin na Usman. Aikin nan sai mai taurin kai.

Ki gaida kowa da kowa. Goron na Maliki ne, kada ki cinye.

Angonki na fari,
Sha'aban


Daura
Fabrairu, 2006

Zuwa ga Kaka Sha'aban,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka da kyau, ya jiki, ya idon? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan duk lafiya lau. Maganar aure kuma ka makara, tsoho, amma in ka aiko da lefe za a duba.

Saƙo ya iso, na gode da yarda da ka yi da ni. Sai dai ka aiko mini da aljana ba ka gaya mini ba. Ranar farko da na leƙa, sai na ga ƙofar zaure ta koma hagu, bishiyar darbejiya ta koma dama. Na matsa dama, gidan ya gudu hagu. Na bi shi hagu, ya tsere dama. Haka na yi ta rawa a bakin titi har masu babur suna rage gudu suna kallona. Sai daga baya na gane kamar madubi take, komai a juye take nunawa.

Baba Maliki da farko ya ɗan ja baya. Ka san tun da aka fara Shari'a maganar hoto ta yi yawa a bakin malamai, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Na ce masa bango ba shi da rai, Baba, zaure ne kawai da katanga. Ya ɓare goronka, can ya ce in yi, amma kada ya ga matar gidan ko ɗaya a ciki.

Abin dariya kuma, kyamararka ta saya mini mutunci a unguwa. Dattawan da ke zama a dakali suka ga na tsaya a gaban zaure na sunkuyar da kai na daɗe ban ɗago ba. Sai na ji ana cewa, kai, 'yar gidan Usman akwai ladabi, ba irin 'yan bokon yanzu ba. Liman ya zo wucewa ya zaci gaishe shi nake, ya tsaya ya sa mini albarka. Ni da uwata ta gaji da ce mini mai tsaurin ido. Baba Maliki ya ji daɗin abin har ya sa an share mini tsakar gida.

To, yanzu ga abin da ban so faɗa ba. Na gama fim na farko cif, ina ta jin kaina, na zauna ina goge mata ƙura da gefen mayafi, sai na ga wani baƙin marfi a toshe a idon ƙasa. Tun farko na ga abin, na zaci haka aka ƙera ta. Tun da idon sama yana nuna mini komai, ban kawo komai a raina ba. Ashe na ƙasa a rufe yake. Sati biyu ina ɗaukar duhu, Kaka. Wallahi sai da na yi kuka, maigidana yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Na sa fim na biyu a cikin ɗaki kamar yadda ka zana mini a bayan takarda. Yanzu ina tsoron danna shi kamar kunamar bindiga. Na ɗauki gaban zaure da hantsi, zanen nan na saman ƙofa ya fito har na ji tsigar jikina ta tashi. Shekara nawa ina shiga ta ƙarƙashinsa ban taɓa ganinsa ba. Na ɗauki ɗaurin gugan rufin zauren a kan turmi, na karanta Ƙulhuwallahu har sau biyu don na ga duhun ya yi yawa, in na yi kuskure ka yafe. Na ɗauki zankwaye sau biyu da la'asar, da indararon gabas. Hoto biyar ke nan na ɗauka.

An fara sauke bulo a ƙofar gida. Baba ya ce daga bayan gida za a faro rusau, zaure ne ƙarshe. Ka rubuto mini abin da ka fi so, don kada in ɓarnatar da sauran a kan abin da bai dame ka ba.

Ka yafe mini fim ɗin nan. Allah ya bar mana kai.

Jikarka,
Haulatu


Agege
Farkon Maris, 2006

Haulatu,

Sallama da gaisuwa. Jafaru yana tsaye a kaina motarsa tana ƙugi, don haka a gajarce. Lafiya lau nake, idon yana nan yadda yake, sai dai rubutu ya fara yi mini rawa.

Ki share hawayenki. Laifina ne. Murfinta na asali ya ɓata tun zamanin soja, na yi wa idon ƙasa marfin kwalba na shafa masa baƙin fenti, na manta ban gaya miki ba. Ni kaina ta taɓa yi mini haka a gaban Bature. Labarin liman kuwa, na yi dariya har jikata ta shigo da gudu ta zaci shaƙewa na yi.

Kin tambayi abin da na fi so. Abu ɗaya ne, kuma shi ne babba, ban san yadda aka yi na bar shi a wasiƙar farko ba. Gadon Inna. Innar nan dai kakarmu, ni da Usman. Ki ɗaukar mini shi kafin a taɓa ɗakinta. Duk gidan nan ba abin da nake da haƙƙi a kansa kamar shi, kuma tun rasuwarta yake raina ban yi wa kowa magana ba. Ki gaya wa Maliki kada ya sa gatari a wurin sai an fitar mini da shi fili. In wannan ya samu, sauran duk nafila ne.

Na gode, Allah ya yi miki albarka.

Sha'aban


Daura
Ƙarshen Maris, 2006

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Mu ma lafiya, sai dai rai ba daɗi, kuma ba zan iya yi maka kwana-kwana ba.

Wasiƙarka ta zo ba na gari. An ɗebe mu malamai aikin ƙidaya, ni aka tura ni ƙauyukan wajen Kongolam. Jafaru bai same ni ba, sai ya kai ta babban gida. Baba Maliki ya ga daga gare ka take, ya ce ai ba baƙo a tsakani, ya sa ɗansa Kabiru ya karanta a zaure, gaban mutane, har da maginan da ya ɗauko.

An ce Kabiru ya karanta har ya kai wurin gadon Inna. Baba ya ce ya maimaita, ya maimaita. Sai ya miƙe ya kaɗe riga ya shige ciki, ranar ko tuwon dare bai ci ba.

Da na dawo ya kira ni. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce shekara da shekaru shi yake yaɓen gidan nan duk kaka, shi ya canza azara, shi ya tare katanga da ta tsage, ba wanda ya aiko da ko kwandon ƙasa. Yanzu da aka ga bulo a ƙofa an tuna da gado. Ya ce ashe hoton ma shaida ake tarawa don a kai shi gaban alƙali, ni kuma aka mai da ni 'yar leƙen asiri ina sunkuye-sunkuye. Wannan kalmar ta yi mini ciwo. Ya ce:

"Ki gaya masa in rabo yake so ya zo da ƙafarsa, ga malamai nan, ba zan ci haƙƙin kowa ba. Amma akwatin nan kada ya sake shigo mini gida."

Kaka, na karanta takardar da kaina ya fi a ƙirga, ina neman inda Kabiru ya yi kuskure, ban samu ba. Haka ka rubuta. Ban ce ba ka da haƙƙi ba, kowa ya san ba a taɓa raba gidan nan ba, kuma abin da Allah ya ba mutum ba mai hana shi. Amma me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba? Ni na ɗauka tsoho ne yake kewar gida. Da zuciya ɗaya na yi ta tsayuwa a rana. In da wata manufa a ƙarƙashi, ai da ka bar ni na sani, in zaɓa da kaina ko zan shiga ko ba zan shiga ba.

Kafin tafiyata na ƙara shida: bakan gizon shigifa, tsakar gida ta fuska biyu, rumbu, bakin rijiya, da ƙofar ɗakin Inna daga waje. Cikinsa ban shiga ba, tun tasowata ɗakin ajiya na san shi, buhunan gero da tsofaffin garemani har rufi. Saura hoto ɗaya. Kyamarar tana cikin akwatina a naɗe da zane.

An riga an rushe ɗakunan baya. Baba ya ce ba zai jira kowa ba, hadari ba ya jiran shari'a. Ɗakin Inna ne na uku a layi.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Haulatu


Daura
Bayan Mauludi, 2006

Zuwa ga Kaka Sha'aban, angona na gaskiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban haƙuri. Ina fatan kana lafiya. Shirunka ya dame ni ƙwarai, kullum sai na aika tashar shanu a tambayo Jafaru, a ce bai dawo ba. Na ce shi ke nan, ko dai ka yi fushi, ko kuma idon ne. Allah ya sa ba ko ɗaya.

In wasiƙata ta baya tana hannunka, don girman Allah ka sa ta a murhu.

Da abin ya ishe ni, ranar Asabar na hau mota na tafi Zango wurin Kaka Zinariya, ƙanwar kakana Usman, don ita kaɗai ta rage da ta san gidan a zamaninku. Na ce ko za ta sa baki tsakaninka da Baba. Na same ta tana gyaran gyaɗa, na zauna na karanta mata takardarka. Da na zo wurin, na ja bakina na karanta shi yadda Kabiru ya karanta, gado irin na rabon magada. Sai ta ɗago ta ce wane gado, Inna Hadiyya da ta mutu ta bar tukunya biyu da carbi? Ta ce in sake karantawa. Ina cikin karantawa sai ta saki faifan, gyaɗa ta watse, ta kama dariya har da riƙe ciki, hawaye shaɓe-shaɓe. Na zaci tsufa ne ya taɓa ta. Da ƙyar ta iya cewa:

"Ke da Kabiru da Maliki duk bokonku na banza ne. Gadon kwanciya yake nufi. Gadon ƙasa, mai wuta a ƙarƙashi."

Kaka, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kalma ɗaya a takarda, baki ne kawai ke raba su, mu kuwa duk muka bi ta inda zuciya ta fi saurin zargi. Ka ce a ɗaukar maka, muka ji a ɗebo maka. Ka ce a fitar da shi fili, muka ji a fitar da rabo.

Ba ta ko canza zane ba, ta yafa mayafi ta ce mu tafi. Mun iso bayan azahar, muka tarar magina a kan ɗakin Inna, sun kwashe ƙasar rufi sun fara zare azara. Saura kaɗan da ba mu tarar da komai ba. Tsohuwar nan ta tsaya a tsakar gida da sandarta ta ce kowa ya sauko. Suka sauko kuwa. Ta kira Baba Maliki da sunan da ban taɓa jin an kira shi da shi ba, wai Na-Inna, ta sa shi da Kabiru suka yi ta jidar buhuna da kansu.

Da aka ɗage wata tsohuwar asabari sai ga shi. Gini ne na ƙasa jikin bango, an shafe shi sumul, ga zane a wajen kai irin na saman ƙofar zaure amma ƙanana, ga bakin wuta a ƙasa. Kaka Zinariya ta ce Inna da hannunta ta yi zanen, kuma duk matar gidan da ta haihu a kansa take jego saboda ɗuminsa. Ta nuna Baba da sanda ta ce:

"Kai ma a nan aka haife ka, cikin sanyi, uwarka ba lafiya. Inna ce ta kwana arba'in tana juya ka a kan gadon nan. Wanda ka ce zai kai ka kotu shi ya yi ta saro itacen da aka hura maka."

Baba ya matso kusa da gadon. Ya tsuguna ya sa hannu yana share ƙurar da ke kai. Can ba tare da ya dube ni ba ya ce ina akwatin nan. Na ce yana gida, an hana shi shigowa. Ya ce wa Kabiru ya ɗauke ni a babur mu ɗauko.

Ka ga ikon Allah, da ɗakin yana rufe ko Yasin na karanta ba zai ɗauku ba, don ba taga. Amma da aka zare rabin azara, ranar la'asar ta sauko ta gefe ta kwanta a kan gadon, yadda ka ce gini ke so. Kaka Zinariya ta ce tun da aka gina shi bai taɓa ganin rana ba sai yau. Na kife turmi, na matsa kusa sosai don zanen Inna ya cika gilashin, na duba marfi har sau uku, na yi bisimilla na danna. Ban san abin da ya fito ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, gadon bai tsira ba. Ginshiƙin sabon gini ta nan ya bi. Baba ya hana a taɓa shi ranar, washegari da safe ya sallami magina daga wurin ya rushe shi da hannunsa. Ya ce in gaya maka ya ji kunya, bakinsa ba zai iya ba sai dai nawa. Ya ce kuma maganar rabo, in kana so, ƙofa a buɗe take.

Ga fim ɗin nan na naɗe shi da baƙin ƙyalle cikin gwangwanin madara. Zan ba duk direban da ya fara tashi. Na gode da ka sa ni wannan aiki. Ba don kai ba, da an rushe gidan da na girma a cikinsa ban taɓa kallonsa ba.

Ka yafe mini zargin da na yi maka.

Taka har kullum,
Haulatu


Agege
Yuni, 2006

Amaryata Haulatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Zinariya, ina gaida Maliki. Kin ga rubutun ya yi manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya, haƙuri za ki yi, layi ya daina tsaya mini. In ban da wannan lafiyata ƙalau.

Ban yi fushi ba, ban ma san an yi faɗan ba. Motar Jafaru ta lalace a hanya, ya yi makonni yana jiran kayan gyara, wasiƙarki tana aljihunsa. Rana ɗaya suka iso da ta biyun da gwangwanin madara. Allah ya taimake ni na fara buɗe ta biyun. Da na koma ta farkon sai na karanta ta ina dariya, amma da na zo inda kika ce da zuciya ɗaya kika tsaya a rana, dariyar ta tsaya. Ba ki yi laifi ba. Ni ne na rubuta magana kamar ina faɗinta da baki, na manta takarda ba ta da murya. Ki gaya wa Maliki ba na neman ko taku ɗaya a gidan. Wanda ya yi yaɓe shi ke da bango. Na yafe masa duniya da lahira, shi ma ya yafe mini itacen da na saro masa ɗanye, ya sha hayaƙi.

Wani tsohon abokin aikina da har yanzu yake da ɗakin duhu shi ya wanke mini. Na sa ya buga su manya. Goma sha ɗaya sun fito, ɗaya ya yi rawa, na rumbu, ina jin akuya ce ta ture ki. Ɗaurin gugan zaure kuwa, Ƙulhuwallahu biyun nan ita ce daidai. Abokina ya tambaye ni wane ɗalibina ne ya ɗauka, na ce matata ce.

Yanzu bari in gaya miki abin da kika yi, don ke ba ki sani ba. Na baza hotunan a tabarma a bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauko gilashin ƙara girma. Sai na ga gidan ya fi yadda na bar shi girma. Ƙofar zaure ta yi tsawo, dakali ya kai ƙirji, bakin rijiya ya tare mini gani. Na ce yarinyar nan ta yi wani abu ba daidai ba. Na daɗe ina dubawa kafin na gane. Kyamarar a cibiyarki take, ke kuma ga shi an ce ba ki da tsawo. Daga nan yaro ɗan shekara biyar yake kallon duniya. Shekara arba'in tana rataye a cikina ban taɓa lura ba, don ban taɓa zama yaro a gaban benayen Ikko ba. Gidan da kika aiko mini ba wanda na baro da gemu ba ne, wanda na yi rarrafe a cikinsa ne.

Na ƙarshen kuma kin yi kuskure, kuma kada ki kuskura ki ba ni haƙuri. Na gaya miki in an matsa kusa idanun nan biyu saɓawa suke. Ke kin ga zanen Inna a gilashi, idon ƙasa kuwa ya sauka ƙasa, ya yanke rabin zanen, ya ɗauko bakin wuta. Ga baƙin hayaƙi ya yi masa rawani, ga wani ɗan gurbi a gefen dama inda ƙasa ta lotsa. Haulatu, wannan gurbin wurin zamana ne. Nan nake tsugunawa da asuba in tura gyaɗa cikin toka, Inna tana bisa tana jan carbi, ƙafarta tana saukowa ta taɓa mini kai ta ce in matsa kada in ƙone. Zanen na manya ne, ni ban taɓa kai wa gare shi ba. Da na zo da kaina da na ɗauki zanen tsaf, daidai da ƙa'ida, in dawo da hoton da ba nawa ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Jikata ta ce Kaka ko idon ne ke ciwo, na ce a'a, aiki yake yi.

Kullum da hantsi nakan fito da shi in duba. Gefe-gefen ya fara shiga hazo, tsakiyar ce ta rage, kuma bakin wutar a tsakiya yake. Likita ya ce abin ba zai kai ƙarshen shekara ba. Ban damu ba kamar da. Na riga na haddace shi, in hasken ya tafi ba zai tafi da shi ba. Allah ya saka miki da alheri, ya haskaka miki kamar yadda kika haskaka mini, ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini. Ki kai wa Zinariya turmin atamfar nan, ki ce kuɗin gyaɗarta da ta zube.

Na sa an buga kowane hoto biyu. Ɗaya na Maliki, ya rataya a sabon zaure in malamansa sun yarda, bango dai ba shi da rai.

Kyamarar kuma kada ki dawo da ita. Abokina ya ce zai nemo fim ta hannun ɗansa, zan riƙa aiko miki. Akwai sauran zaurukan ƙasa a Daura da Zango da bulo bai kai gare su ba tukuna, ki je ki yi musu ladabin nan naki. Malamai za su ce kyauta ce tun da ina raye. Ni dai na ce gadonki ne daga wurina. Ki kai wa Kabiru takardar nan ya karanta a zaure gaban kowa, wannan karon ya ja bakinsa yadda ya ja a farko, ya faɗi daidai.

Wassalam. Angonki mai godiya,
Sha'aban